Dala Ɗaya a Kotun Ƙoli: Yadda Fom da Agogo Ke Auna Bakin Ɗalibai a Jami'o'in Gwamnatin Amurka

A watan Yulin 2016, wani ɗalibi mai suna Chike Uzuegbunam ya tsaya a farfajiyar ɗakin karatu na Kwalejin Gwinnett, mallakar gwamnatin jihar Jojiya a Amurka, yana miƙa wa masu wucewa 'yan takardun wa'azin Kirista. Wanda ya so ya karɓa, wanda ya tsaya su yi hira, wanda ya ƙi ya kama gabansa. Bai daɗe ba ɗan sandan kwalejin ya zo ya ce masa ya dakata, domin doka ta hana raba rubutu a wannan wuri. Chike bai yi gardama ba. Ya nufi ofishin kula da harkokin ɗalibai don ya ji inda dokar ta yarda a yi.

Amsar da ya samu a ofishin ce ta kai sunansa Kotun Ƙolin Amurka. A duk faɗin harabar mai eka 260, wurare biyu kacal aka ware domin irin wannan magana: wani ɗan dandamali da wani gefen hanyar ƙafa. In aka haɗa su biyun, kashi 0.0015 cikin ɗari ne na filin kwalejin. Lauyoyinsa sun ce da harabar filin ƙwallo ce, to wuraren maganar ba za su wuce faɗin fallen takarda ba. Su ɗin ma ba kullum suke a buɗe ba. Awa 18 ne a mako, ban da Asabar da Lahadi, kuma sai mutum ya cika fom kwana uku na aiki kafin ranar, ya haɗa da kwafin abin da zai raba.

Chike ya cika fom, aka ba shi rana a watan Agusta. Minti 20 da fara maganarsa sai ga wani ɗan sandan, ya ce wasu sun kai koke. Akwai wani sashe a ƙa'idojin kwalejin da ya hana duk abin da zai dagula wa wani zaman lafiyarsa ko jin daɗinsa, kuma tunda an samu wanda ya ce ransa ya sosu, an karya wannan sashe ke nan. Aka gargaɗe shi cewa in ya ci gaba zai fuskanci horo. Ya ja bakinsa ya yi shiru. Wani ɗalibin mai suna Joseph Bradford, da ke da niyyar yin irin wannan wa'azi, ya ga abin da ya samu ɗan'uwansa, ya fasa.

Duk wanda ya bincika takardun kwalejin ba zai ga inda aka rubuta cewa an hana wa'azi ko an hana sukar gwamna ba. Babu gwamnan da ya buga waya, babu ɗan majalisar da ya aiko da saƙo. Abin da ya rufe bakin ɗalibin fom ne, da agogo, da wata kalma mai kama da roba, wadda kowane jami'i zai iya ja ta kai inda yake so. A shari'o'in da suka taso daga jami'o'in gwamnatin Amurka cikin shekara sittin da suka wuce, mafi yawan lokuta haka abin yake farawa: a kan teburin wani ma'aikaci mai matsakaicin muƙami, wanda burinsa kawai ranar ta wuce ba tare da hayaniya ba.

Jami'a ma gwamnati ce

Gyara na Farko ga Kundin Tsarin Mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana majalisar tarayya yin dokar da za ta tauye 'yancin magana, ko na jarida, ko na taro. Bayan Gyara na 14 da aka yi a 1868, kotuna sun yi ta faɗaɗa wannan hani sannu a hankali har ya hau kan gwamnatocin jihohi da duk hukumomin da ke ƙarƙashinsu. Ma'anar wannan ga jami'ar jiha ita ce shugabanta, da magatakardanta, da ɗan sandan da ke sintiri a harabarta, dukkansu gwamnati ne a idon doka. Abin da gwamna ba shi da ikon hanawa, su ma ba su da shi.

Jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard da Kolombiya ba sa cikin wannan ƙangi kai tsaye. Abin da ya ɗaure su shi ne alƙawarin da suka ɗauka da kansu a takardunsu, sai kuma a jihar Kalifoniya, inda wata doka ta 1992 ta tilasta wa jami'o'i masu zaman kansu waɗanda ba na addini ba su bi ma'auni ɗaya da na gwamnati. Sunayen waɗannan manyan jami'o'i ne suka fi cika kanun labarai, amma fiye da kashi 70 cikin ɗari na ɗaliban manyan makarantun Amurka a na gwamnati suke, kuma a nan ne alƙali ke da ta cewa.

Rikicin da ya buɗe wannan babi ma da takardar ofis ya fara. A watan Satumban 1964, ofishin kula da harkokin ɗalibai na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya fitar da sanarwa cewa daga yanzu an hana kafa teburan siyasa a wani ɗan fili da ke bakin ƙofar jami'ar, inda ɗalibai suka saba tara gudummawa domin fafutukar 'yancin baƙar fata. Ranar 1 ga Oktoba aka kama wani tsohon ɗalibi, Jack Weinberg, a gaban teburinsa. Ɗalibai suka zauna suka kewaye motar 'yan sandan da aka saka shi, ba ta motsa ba sai bayan awa 32. A farkon Disamba aka kama kusan mutum 800 a ginin mulki na jami'ar. Kwanaki kaɗan bayan haka majalisar malamai ta kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye cewa jami'a na iya tsara lokaci da wuri da yanayin magana, amma abin da maganar ta ƙunsa ba hurumin hukuma ba ne.

Kotun Ƙoli ta biyo baya. A 1972 ta yanke hukunci a kan wata kwalejin jihar Connecticut da ta ƙi yi wa wata ƙungiyar ɗalibai masu tsattsauran ra'ayin sauyi rajista, ta ce rashin amincewa da aƙidar ƙungiya bai isa hujjar hana ta ba. A 1973 ta mayar da wata ɗaliba da Jami'ar Missouri ta kora saboda jaridar da ta raba mai ɗauke da zane da kalmar da hukuma ta ga batsa ce. Masu ra'ayin riƙau na wancan zamani ba su ji daɗin waɗannan hukunce-hukunce ba. Sai dai ƙofar da 'yan ra'ayin sauyi suka buɗe, ta nan ƙungiyoyin addini suka shiga: a 1981 kotun ta hana reshen Jami'ar Missouri da ke Kansas City korar wata ƙungiyar Kirista daga ɗakunan da sauran ƙungiyoyi ke amfani da su, a 1995 kuma ta ce Jami'ar Virginia ba za ta biya kuɗin buga mujallun ɗalibai ta ware ta masu addini ba.

Farashin dala ɗaya

Chike da Bradford sun shigar da ƙara a watan Disamban 2016, suna ƙarar shugaban kwalejin, Stanley Preczewski, da wasu jami'ai da sunayensu. Da farko lauyoyin gwamnati sun yi ƙoƙarin kare dokar, har suka ce ana iya ɗaukar wa'azin Chike a matsayin kalaman tsokanar faɗa, waɗanda doka ba ta kare su ba. Da suka ga wannan hujja ba za ta sha ba, sai kwalejin ta soke dokokin a 2017, lauyoyinta suka dawo kotu suka ce tunda abin da ake ƙara a kai ya kau, babu sauran shari'a. Kotun farko ta yarda, kotun ɗaukaka ƙara ma ta yarda.

Wannan dabara tsohuwa ce, kuma duk wanda ya san aikin gwamnati ya san ta. Ɗalibi shekara huɗu yake yi, shari'a kuwa tana iya cin biyar. Hukuma ta ja lokaci har mai ƙara ya kammala karatu, ko ta janye dokar a jajibirin hukunci, sai fayil ya rufe ba tare da wani alƙali ya taɓa rubuta cewa an yi laifi ba. Wata kwalejin da ke da irin dokar ba ta da abin tsoro, ita ma mai janyewar babu abin da zai hana ta maido da ita da sabon suna.

Abin da ya rage a hannun ɗaliban shi ne buƙatar diyya ta suna kawai, dala ɗaya. Ba su yi asarar kuɗi da za a ƙirga ba. Abin da aka ƙwace musu dama ce ta magana a wata rana da ta riga ta wuce. Tambayar da ta je gaban Kotun Ƙoli ita ce ko wannan dala ɗaya ta isa ta riƙe shari'a da rai. Ƙungiyoyin da ba su cika zama inuwa ɗaya ba suka rubuto suna goyon bayan ɗaliban: ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, da ƙungiyoyin Musulmi, da na Yahudawa, da na Katolika, har da na waɗanda ba su yarda da addini ba. Kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta. A zaman sauraren ƙarar a Janairun 2021, Mai Shari'a Elena Kagan ta kawo misalin mawaƙiya Taylor Swift, wadda ta taɓa neman diyyar dala ɗaya daga mutumin da ya ci zarafinta, ba don kuɗin ba sai don a tabbatar da laifin.

Ranar 8 ga Maris, 2021, alƙalai takwas cikin tara suka goyi bayan Chike. Mai Shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya koma har tsohuwar shari'ar Ingila ta 1703, inda aka hana wani mutum jefa ƙuri'a, kuma ko da yake ɗan takarar da yake so ne ya ci zaɓen, aka ce yana da damar ƙara domin an taɓa haƙƙinsa. Alƙalin Alƙalai John Roberts ne kaɗai ya saɓa, karo na farko da ya tsaya shi ɗaya tun da ya hau kujerar a 2005. Damuwarsa ita ce kotunan tarayya za su koma wurin neman fatawa mai arha, inda duk wanda ya liƙa dala ɗaya a ƙarshen takardarsa zai tilasta wa alƙali ya faɗi ra'ayinsa a kan rikicin da ya riga ya mutu. Damuwar tana da tushe. Amma ɗaya ɓangaren ya fi nauyi, domin in babu wannan dala, hukumar da ta iya lissafin kwanan wata ba za ta taɓa amsa laifi ba.

Kalma mai roba

Ware wurin magana shi ne sashen da ya fi jan hankali a labarin Chike, amma kalmar jin daɗi ce ta fi haɗari. Dokar da ta ce kada a dagula wa kowa jin daɗinsa ta miƙa ikon hana magana ga duk wanda ya fi saurin fushi. Mai magana ba zai san ya yi laifi ba sai bayan ya yi, jami'in da zai hukunta kuma shi ne zai zaɓi koken da zai ɗauka da wanda zai ajiye a aljihun tebur.

Jami'ar Michigan ce ta fara ɗanɗana wannan darasi. Bayan wasu munanan al'amuran wariyar launin fata a harabarta, inda aka riƙa watsa takardun cin mutuncin baƙar fata, ta kafa doka a 1988 da ta hana duk kalaman da za su tozarta mutum saboda launinsa, ko addininsa, ko jinsinsa. Niyyar mai kyau ce, kuma ciwon da ake son magancewa na gaske ne. Wani ɗalibin digiri na gaba a fannin nazarin halayyar ɗan'adam ya kai ƙara, yana cewa ba ya iya tattauna wasu ra'ayoyin fanninsa a aji saboda tsoron dokar. A 1989 alƙalin tarayya Avern Cohn ya soke ta, bisa dalilin cewa ta yi faɗi da yawa, kuma kalmominta ba su bayyana wa mutum iyakar halal da haram ba. Nadine Strossen, wadda ta shugabanci ACLU daga 1991 zuwa 2008, ta yi nuni da wani abu mai ɗaci: a ɗan lokacin da dokar ta yi aiki, fararen ɗalibai sun kai ƙarar baƙaƙe fiye da sau 20 a ƙarƙashinta. Reshe ya juye da mujiya. A 1991 wata kotun ta soke makamanciyar dokar a Jami'ar Wisconsin.

Wannan ba ya nufin komai ya halatta a harabar jami'a. Barazanar kisa ta gaskiya ba ta da kariya. Tunzura jama'a su karya doka nan take ba shi da kariya, bisa ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa a 1969. Tsangwamar da ta yi tsanani kuma ta dawwama har ta hana ɗalibi karatu laifi ce, kuma jami'ar da ta kau da kai za ta amsa tambaya. Hukuma na da ikon hana lasifika kusa da zauren jarrabawa, da hana toshe ƙofa, da hana kwana a fili; tun a 1984 kotun ta amince da hana masu zanga-zanga kwana a dandalin da ke gaban Fadar White House. Sharaɗin dai guda ne mai rassa: dokar ta hau kan kowa ba tare da duba abin da yake faɗa ba, kada ta wuce buƙata, kuma a bar wa mutane wata hanyar da za su isar da saƙonsu.

Riƙe wannan sharaɗi yana da tsada, a zahirin ma'anar kalmar. A watan Oktoban 2017, wata biyu bayan tarzomar Charlottesville inda aka kashe wata mata, Richard Spencer, mai da'awar fifikon farar fata, ya kama hayar zaure a Jami'ar Fulorida. Shugaban jami'ar ya fito fili ya la'anci aƙidarsa, amma lauyoyi suka ce babu hanyar hana shi. Gwamna Rick Scott ya ayyana dokar ta-ɓaci a yankin, aka kashe fiye da dala 500,000 a kan tsaro, alhali abin da Spencer ya biya bai wuce dala dubu goma da 'yan kai ba. Jami'ar ba ta da ikon ɗora masa sauran, saboda wani hukuncin 1992 ya hana hukuma ƙara wa mai magana kuɗi don ana tsoron fushin masu sauraro. Mai biyan haraji a Fulorida yana da dalilin jin haushi. Amma da an yarda da akasin haka, da duk mai son rufe bakin wani sai kawai ya yi barazanar tayar da hankali, kuɗin tsaro ya yi masa sauran aikin. Kisan Charlie Kirk, ɗan gwagwarmayar ra'ayin riƙau da aka harbe yana tsaka da jawabi a wata jami'ar gwamnati a jihar Utah ranar 10 ga Satumba, 2025, ya nuna cewa tsoron jami'an tsaro ba na banza ba ne.

Da iska ta juya

Tsakanin 2015 da 2022, 'yan ra'ayin riƙau ne suka fi ɗaga tutar 'yancin magana a jami'a, domin baƙinsu ne ake yi wa ihu ana hana su jawabi. Jihohi da dama da jam'iyyar Republican ke mulki suka yi dokokin soke keɓaɓɓun wuraren magana. A watan Maris na 2019 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya danganta tallafin bincike na tarayya da mutunta 'yancin magana. A wannan shekarar ce Gwamna Greg Abbott na Teksas ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da duk filayen jami'o'in jihar dandalin jama'a, inda kowa zai iya magana ba tare da neman izini ba, har ya ɗauki bidiyo yana alfahari da hakan.

Sai ga yaƙin Gaza. Ranar 24 ga Afrilu, 2024, 'yan sandan jiha, wasu a kan dawaki, suka shiga harabar Jami'ar Teksas da ke Austin suka kama mutum 57 a zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa. Mai gabatar da ƙara na yankin ya yi watsi da tuhumar baki ɗaya. A wannan rana ce wani kwamitin gaggawa a Jami'ar Indiana ya sauya ƙa'idar da ta tsaya tun 1969, wadda ta yarda a kafa tanti da rana a filin da aka ware wa taron ɗalibai. Washegari aka kama fiye da mutum 30 da laifin karya dokar da ba ta cika kwana ɗaya a duniya ba.

Hukumomin jami'o'i suna da nasu uzurin, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Wasu ɗaliban Yahudawa sun fuskanci tsangwama ta gaske. A watan Agustan 2024 wani alƙalin tarayya ya umarci Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da kada ta sake bari a tare wa ɗaliban Yahudawa hanyar shiga wasu sassan harabarta. A wannan jami'a ɗin kuma, a daren 30 ga Afrilu, wasu gungun mutane sun far wa sansanin masu goyon bayan Falasɗinawa da sanduna da tartsatsin wuta, 'yan sanda ba su shiga tsakani ba sai bayan sa'o'i. Jami'a ɗaya, ɓangarori biyu, kowanne da hujjar cewa hukuma ta yi watsi da shi.

Majalisar Teksas ta mayar da martani a 2025 da sabuwar doka wadda ta janye wani ɓangare na abin da ta bayar a 2019. Ta hana duk wani aikin bayyana ra'ayi a harabar jami'a daga ƙarfe 10 na dare zuwa 8 na safe, ta kuma hana kaɗa ganga da amfani da lasifika da gayyato baƙi masu jawabi a makonni biyun ƙarshe na zangon karatu. Kowa ya san waɗanda aka nufa. Amma da ƙungiyar FIRE mai kare 'yancin magana ta kai ƙara, cikin masu ƙarar har da wata ƙungiyar ɗaliban Kirista da ke taron ibada, da jaridar ɗalibai da ke aiki da dare, da ƙungiyar makaɗa. Ramin da aka gina wa masu tanti ya rufta da masu addu'a. A watan Oktoban 2025 alƙalin tarayya David Ezra ya dakatar da aiwatar da waɗannan sassa, yana mai cewa Gyara na Farko ba shi da lokacin kwanciya barci.

Malamai, da baƙi

Matsayin malamin jami'ar gwamnati ya fi na ɗalibi sarƙaƙiya, domin shi ma'aikaci ne, kuma gwamnati a matsayinta na mai ɗaukar aiki tana da ikon da ba ta da shi a kan talaka. A 1968 Kotun Ƙoli ta kare wani malamin sakandare da aka kora saboda ya rubuta wa jarida wasiƙa yana sukar yadda hukumar ilimi ke kashe kuɗi. A 2006 kuma ta ce abin da ma'aikacin gwamnati ya faɗa a bakin aikinsa ba shi da wannan kariya, amma ta bar tambayar koyarwa da bincike a buɗe. A wannan giɓi ake ta fafatawa har yau. Jihar Fulorida ta yi doka a 2022 da ta hana malamai goyon bayan wasu ra'ayoyi game da launin fata a aji, lauyoyinta suna cewa abin da malami ya faɗa a aji maganar gwamnati ce. Alƙali Mark Walker ya dakatar da ita a jami'o'i a watan Nuwamban shekarar. Tun kafin nan, a 2014, Jami'ar Illinois ta janye aikin da ta ba Steven Salaita saboda zafafan saƙonninsa na Twitter game da Gaza, daga baya ta biya shi dala 600,000 aka sasanta.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke karatu a can, akwai wani zaren dabam. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen tura ɗalibai Amurka, da kimanin 20,000 a zangon 2023 zuwa 2024. Tun a 1945 Kotun Ƙoli ta ce baƙon da ke zaune a ƙasar yana da 'yancin magana, kuma a ƙarshen Satumban 2025 alƙali William Young na Boston ya yanke cewa kama ɗalibai da malamai baƙi da nufin korarsu saboda ra'ayinsu a kan Falasɗinu ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki. Sai dai biza ba a hannun jami'a take ba. Tun watan Yunin 2025 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta buƙaci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu na sada zumunta domin a duba. Ɗalibin da ke da haƙƙi a takarda, amma ya san ana iya soke bizarsa kafin alƙali ya buɗe fayil, shi ma lissafin Joseph Bradford zai yi.

Wanda ya sa hannu

Jami'an gwamnati a Amurka suna da wata garkuwa da ke kare su daga biyan diyya daga aljihunsu, muddin dokar da suka karya ba ta kasance bayyananniya ba a lokacin. Garkuwar tana da iyaka. Jami'ar Iowa ta soke rajistar wata ƙungiyar ɗaliban Kirista saboda sharaɗin da ta gindaya wa shugabanninta, alhali ta bar wasu ƙungiyoyin da ke da irin nasu sharuɗɗan. Da alƙali ya ce an nuna bambanci, sai jami'ar ta bi sauran ƙungiyoyi tana soke rajistarsu a 2018, ciki har da na Musulmi da na mabiya addinin Sikh. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ce jami'an da suka yi wannan aiki ba su cancanci garkuwar ba, domin an riga an gargaɗe su suka yi kunnen uwar shegu. Kuɗin lauyoyi da diyyar da jihar ta biya a shari'o'in biyu ya kusa dala miliyan biyu.

A Jojiya, bayan hukuncin Kotun Ƙoli an mayar da fayil ɗin ƙasa, kuma a tsakiyar 2022 jami'an suka amince a sasanta a kan fiye da dala 800,000, kusan duka kuɗin lauyoyi. A wannan shekarar Gwamna Brian Kemp ya sa hannu a kan dokar da ta soke keɓaɓɓun wuraren magana a dukkan manyan makarantun gwamnatin jihar. Chike kuwa ya riga ya kammala karatunsa ya bar kwalejin tun shari'ar tana kotun farko, kuma sunan da ya zauna a kundin hukunce-hukuncen Amurka kusa da nasa shi ne na Preczewski, shugaban da ya bar kujerarsa tun kafin a yanke hukuncin.